Bahagon da ke Wutsiyar Layi

Ni ban iya rawa ba, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Allah ya ba ni ƙafafu biyu masu kai ni shago su dawo da ni gida, iyakar aikinsu ke nan. Amma kallo kam, ko a gaban alƙali zan ce na iya. Tun ina koyon ɗinki har na buɗe shagona, ban tuna ranar da 'yan rawar manoma na garinmu suka fita fili aka neme ni aka rasa ba. Da zarar gangar noma ta tashi bayan la'asar, ko rigar wa ke ƙarƙashin allura, nan za ta kwana.

Garinmu ƙarami ne, a ƙasar Faskari, ba nisa da Ruwan Godiya. Ba mu da wani abin nuna wa baƙo sai dawa da masara da wannan rawa. Mutum goma sha biyu ne, kowa da walki da hauya, da akayau ɗaure a ƙafa. Suna jerawa kafaɗa da kafaɗa kamar yadda ake jerawa a gayya, su bi shekarar manomi daga farko har ƙarshe: sharar gona, shuka, noman farko, maimai, huɗa, sannan girbi. Wanda ke kan layi ta hannun dama shi ne ɗan gaba. In an gama sharar gona sai ya fito gaban sauran, ya ba su baya, su riƙa bin hannunsa. Shi makaɗi ke kira da ganga, shi ake kallo, shi 'yan mata ke gulmarsa a bakin rijiya. Wanda ke can ƙarshe ta hagu kuwa muna ce masa wutsiya.

Shekara goma sha ɗaya yayana yana wutsiya. Ba don bai iya ba. Gajere ne, mai faɗin ƙirji, in yana tafiya a hanya ba za ka sake kallonsa ba. Amma in ya sunkuya da hauya, ka rantse akwai ƙasa mai laima a ƙarƙashinta, har ka ji kamar ka ja ƙafarka kada a yayyafa maka. Sauran suna kwaikwayon noma, shi noma yake yi, kiɗa ne kawai ya same shi a ciki. In ya cilla hauya sama yakan juya sau ɗaya, ya share gumi, ya miƙa hannu ba tare da ya ɗaga kai ba, ta faɗo masa a tafi. Laifinsa ɗaya, bahago ne. A shekararsa ta farko an sa shi tsakiya, kowa ya kai hauya dama shi ya kai hagu, ya tsinke wa na kusa da shi hula, saura kaɗan kunne ya bi ta. Tun daga ranar aka kai shi ƙarshen layi, inda ba kowa a hagunsa sai iska.

Mu ma sai muka bi shi can. Manyan gari da baƙi suna zama a rumfa ta wajen ɗan gaba, mu kuwa da muka san abin da muke kallo muna shimfiɗa buhu a wajen wutsiya. Mu uku ne ba ma fashi. Akwai ni. Akwai wani tsohon mahauci, abokin marigayi mahaifinmu, mai murya kamar ana jan ganga a kan tsakuwa, wanda muke ce wa Baba. Sai Inna, mahaifiyarmu. Yayana ɗan farinta ne, don haka ba ta kama sunansa, ba ta yabonsa, ba ta ma yarda a ce an gan ta tana kallonsa. Kullum da farantin gyaɗa take zuwa, wai talla ta kawo. Ban taɓa ganin ta sayar da ta kirki ba, ni da Baba muke cinye ta. Tana zaune ta juya gefe, tana kallonsa da wutsiyar ido, in ya cafe hauya sai ta gyara lulluɓi ta ce, "Yau makaɗin nan hannunshi da daɗi."

Ɗan gaba na lokacin wani dogon saurayi ne, fari, kyakkyawa. Ba zan zalunce shi ba, yana da tsalle, kuma in ya buɗe hannuwa yana cika fili. Amma hauya a hannunsa kamar ta aro ce. Yana riƙe ta yana tsoron kada ta ɓata masa walki, kuma yana yawan leƙen rumfa ya ga wa ke kallonsa. Ni da Baba mun shafe shekaru muna faɗin haka, a fili da shago da bakin masallaci. Mun sauke shi mun ɗora yayana ya fi sau ɗari, duk a baki.

Mai raba wa kowa wurinsa shi ne shugaban ƙungiyar, wani malamin firamare mai sanyin magana da taurin kai. Na sha tare shi a hanya.

"Malam, tsakani da Allah, wa ya hi shi a layin nan?"

"Babu," in ji shi. "Amma ɗan gaba hannunshi yara ke bi. In ya ɗaga hagu, rabinsu hagu za su ɗaga, rabi dama. Kai za ka kai su asibiti?"

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne gaskiya ya faɗa.

Yayana bai taɓa yin ƙorafi ba. In na kawo maganar sai ya yi dariya ya ce wutsiya ma jikin saniya take. Amma a daminar da ya doshi arba'in gwiwarsa ta dama ta fara kumbura. Yakan dawo daga gona yana jan ƙafa, ya zauna a shagona ya ɗora ta a kan benci. Wata rana ina yanka yadi ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Bana ita ce ta ƙarshe. Ƙahwar ga ta gaji." Ya murza gwiwar. "Na so dai a ce ko sau ɗaya na hita gaba, in ji yadda ganga take in da kai take magana." Bai sake faɗa ba, ni kuma ban iya mantawa ba. Almakashin ma a karkace ya tafi, na ɓata wa mutum hannun riga.

Bayan an kai amfanin gona gida sai labari ya zo cewa za a yi gasar wasannin gargajiya a Faskari, ƙungiyoyi za su zo har daga ƙasar Ƙanƙara da Sabuwa. 'Yan rawarmu suka fara gwaji kullum da yamma a filin makaranta. Muka kwashi buhunmu muka je. Rana ta uku dogon ya cilla hauya, ta kuɓuce masa, ta faɗi can gefe. Da na yi shiru da ba komai. Sai na miƙe tsaye na ce, yadda kowa zai ji, "Malam, a ba shi muciya mana, ita ba ta da kaihi."

Aka fashe da dariya. Dogon ya sunkuyar da kai, na ga kunnuwansa sun yi ja, nan take na ji kunyar kaina, amma magana zarar bunu ce. Malam ya ɗaga hannu, ganga ta tsaya. Ya ce daga yau ba ɗan kallo ko ɗaya a wurin gwaji, kuma duk ɗan rawar da ya fitar da abin da ake yi a ciki ya ajiye walkinsa. Washegari suka koma cikin makaranta, bayan azuzuwa, aka ja ƙyaure. Mako uku muna jin ganga ta katanga kamar masu jin ƙanshin miyar maƙwabta. Baba ya daina gaishe ni kwana biyu. Inna ta ce, "Kai dai bakinka ya ja mani asarar ciniki."

Na yi ta bugun cikin yayana, ko uffan. Yana dawowa gwiwa a kumbure, ya sa a dafa masa ruwa ya gasa, ya kwanta. Na lura ya rame, kuma wani lokaci yana zaune sai ka ga hannunsa na motsi shi kaɗai. Na ɗauka damuwa ce. Na ƙudurta a raina cewa Malam zai fake da ƙafar ya ajiye shi, kuma ni na ba shi dalili.

Ranar gasa 'yan rawa suka yi gaba da sassafe. Mu muka bi su da hantsi a bayan a-kori-kura, lokacin hanya lafiya lau, mutum ya je Faskari ya dawo ba ya ko waiwaye. Inna ta ɗauko farantinta. Filin ya ninka namu sau nawa, an kewaye shi da igiya, ga rumfa ga kujeru ga lasifika. Ba mu tambayi kowa ba. Muka duba inda rumfa take, muka lissafa inda layi zai ƙare ta hagu, muka shimfiɗa buhu a bakin igiya. Kafin azahar jama'a ta cika bayanmu, sahu a kan sahu, wasu a kan babura, wasu a kan bishiya.

Kallo kam mun sha. 'Yan wani gari na ƙasar Ƙanƙara suka yi rawar sanda, sandunan na haɗuwa a lokaci ɗaya kamar an rufe ƙofa guda. Baba ya ce na uku daga dama shi ne gwaninsu, ba wanda suka sa gaba ba, na ce ashe ciwon ba a garinmu kaɗai yake ba. Wasu 'yan mata daga wajen Sabuwa suka yi rawa da ƙore a ka, ƙaramar cikinsu tana dariya tun daga shiga har fita, ƙwaryar ko girgiza. Wasu Fulani samari suka shigo da sarewa, ba su yi wani tsalle ba, kafaɗa kawai da wuya, amma filin ya yi tsit. Na ji daɗi ƙwarai, har na ɗan manta abin da ke cina.

Bayan la'asar aka kira garinmu. Suka fito ta bayan rumfa, akayau na amsawa, suka jeru. Idona na kan wutsiya. Wanda ya zo ya tsaya a gabanmu wani siririn matashi ne, ɗan maƙwabcinmu, wanda ya saba tsayawa kusa da yayana, hauya a hannun dama. Na bi layin da ido ina ƙirgawa. Goma sha ɗaya. Can kan layi ga hular dogon tana sama da ta kowa, a inda take kullum.

"Sun aje shi," in ji Baba.

Inna ta tattara gyaɗarta. Ta ɗauki farantinta, ta miƙe, ta kakkaɓe zane. Ni kuwa haushin Malam da haushin kaina suka haɗu suka cika ni. Na naɗe buhu na ce wallahi ba zan tsaya in tafa wa zalunci ba. Muka kutsa cikin jama'a muna fita, mutane na murna sun samu wuri, sahu na rufewa a bayanmu. Sabo turken wawa. Shekara goma sha ɗaya ta koya mana wuri ɗaya da za mu neme shi, ko a ranmu bai zo ba mu dubi wani.

Mun kai wajen masu rake, muna neman motar garinmu, sai ganga ta canza. Ta bar kiɗan layi ta koma kira, irin wanda ake yi wa ɗan gaba. Filin ya ɗauki sowa. Ban juya ba, don na san tsallen dogon. Baba ne ya juya. Ya kama mini hannu da ƙarfi har na ji zafi.

"Tsaya. Dubi hauyar can."

Sama da kawunan mutane, hauya ta tashi tana walƙiya, ta yi sama fiye da rumfa, ta dawo. Ta sake tashi.

"Hagu take juyawa," in ji Baba. "Hauyar bahago ce."

Daga baya muka ji yadda aka yi. Makaɗinsu ne, wani tsoho, ya ce wa Malam, in matsalar hannu ce, a juyo da shi ya fuskanci layi maimakon ya ba su baya. In ya ɗaga hagu yana kallonsu, ta gefen damansu take, sai su bi shi kamar mai duba madubi. Abin da suka yi mako uku suna gyarawa ke nan a bayan azuzuwa. Dogon da kansa ya ce a gwada, wannan kuma har yau in na tuna sai na ji nauyi. Suka ɓoye yayana a bayan rumfa har sai da ganga ta kira shi. Amma a lokacin ba mu san ko ɗaya daga wannan ba. Abin da muka sani, yana ciki, mu muna waje, tsakaninmu da shi bayan mutane ne kamar katanga.

Na yi ta roƙo ana ture ni. Na yi tsalle, na ga hula da ƙeya. Inna na bayana da faranti, tana cewa a hankali, "Ku bar shi, mu tahi, ba komi," amma ƙafarta ba ta motsa ba. Sowa na tashi tana sauka, kowace ɗaya kamar an zare mini wani abu daga aljihu. Sai Baba ya gyara tsayuwa, ya buɗe muryar nan tasa ta kasuwa.

"Ku ba tsohuwa hanya. Uwar ɗan gaba ce, ita ta haihe shi."

"Ni ba ni ba ce," in ji Inna, ta ja lulluɓi ta rufe fuska. "Baba, ka ji tsoron Allah."

"Ga ta nan, mai hwaranti. Ku buɗe mata."

Mutane suka fara waiwayowa suna dariya, suna matsawa. Wani ya karɓi farantin ya ɗaga sama, wata mata ta kama hannun Inna ta ja ta. Tana tafe tana musu, mu muna bin bayanta kamar 'yan rakiyar amarya, har muka fito bakin igiya, kusa da rumfa.

Sun shiga girbi. Yana tsakiyar fili shi kaɗai, gumi ya jiƙe walkin, mutum goma sha ɗaya na fuskantarsa. In ya sunkuya su sunkuya, in ya kai hannu su kai, ba hauya ɗaya da ta saɓa. Ban taɓa ganin layinmu ya daidaita haka ba. Yana sare karan dawa da ba ya nan, yana kwantar da shi, yana tsallakewa, kana ganin nauyin kowane dami a bayansa. Ƙafar dama yana ɗan tausaya mata, amma sai wanda ya sani zai gane. Makaɗin ya bar wurinsa ya biyo shi, ya sa masa ganga a kunne, suna magana su biyu. Fuskar yayana kuwa, ban san ta da irin wannan haske ba. Na ji hawaye na zubo mini, ban share ba.

Ya cilla hauya ta ƙarshe, ya juya. A nan Inna ta kama hanci ta rangaɗa guɗa. Ni da aka haifa a ɗakinta ban taɓa jin ta yi wa ɗan farinta ko sannu da aiki a gaban mutane ba. Guɗar ta ratsa ganga da lasifika. Yayana ya san muryar. Ya waiwayo yana nemanta, hannunsa a miƙe, hauyar ta wuce yatsunsa ta faɗi ƙasa, tim. Karo na farko a rayuwarsa. Ya dubi hauyar, ya dubi Inna, ya fashe da dariya. Ya ɗauka ya ƙarasa girbinsa yana dariya, layin ma duk suna dariya.

Na biyu muka zo. Masu rawar sanda suka ci, kuma sun cancanta. Malam ya ce da hauyar ba ta faɗi ba da wata magana ake, ya faɗa yana kallon Inna, ita kuma tana kallon wani wuri daban. Na je na ba dogon hannu na roƙe shi gafara. Ya ce ya yafe, amma in ɗinka masa riga.

Da za mu koma duk muka hau mota ɗaya, rana ta yi ja tana shirin faɗuwa. An ba yayana wuri ya miƙe ƙafa, gwiwar ta kumbura ta yi kamar ƙaramin tulu. Kowa ya san ba za ta sake shiga fili ba, shi ma ya sani. Muna fita gari ya matso kusa da ni.

"Na duba wajen rumhwa ban gan ku ba. Daga ina kunka hwara gani?"

Na so in yi masa ƙarya. Na ce, "Daga girbi. Mun zamna a wutsiya, da ba mu gan ka ba munka tashi."

Ya dube ni. "Wato shuka, da noman hwarko, da maimai, da huɗa, duk baƙi na yi wa."

Sai ya juya wajen makaɗin ya ce, "Tsoho, taɓa mani jikin motar nan." Tsohon ya fara buga ƙarfen da tafin hannu. Yayana ya gyara zama ya fuskanci Inna, ba hauya, ba ƙafa, hannuwa kawai da kafaɗa. Ya fara daga shuka. Yana sara, yana jefa iri, yana rufewa, motar na tsalle a ramuka yana haɗawa da ita. Samarin suka ɗauki amshi da akayau a hannu. Inna ta ajiye farantin a cinya, ta juyo gaba ɗaya, ta zuba masa ido biyu. Bai tsallake komai ba, ita ma ba ta kau da kai ba, har muka shiga gari yana huɗa.